Wasiƙa Daga Birmingham: Noman Tukwane da Shayin Mutum Ɗaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da Inna da jikin nata. Ya aikin kaka? Allah ya sa albarka, ya raba mu da asara. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi.

Kawu na Kibiya ya isar mini da maganarka, wai da ka ga hoton da na turo sai ka ce na bar gonar gado a hanyar Rurum na tafi ƙasar Turawa noman tukwane. Na yi dariya, amma maganar ta kwana a raina. Ka san ba ƙin gida ne ya fito da ni ba. Kwanon da aka sauya a ɗakin Inna, da kuɗin makarantar yara, da injin ban-ruwan da kake noman rani da shi, ba gonar hanyar Rurum ce ta haife su ba. Ba gori nake yi ba, Allah ya sani. So nake in an zauna ana lissafin waɗanda Turai ta cinye, ka samu abin faɗa a kaina.

Ga yadda gonar tawa ta nan take. Tun 1908 akwai dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa mazauna gari filin noma idan sun nema. Ana yanka filin gayauna-gayauna, cikakkiya kamar murabba'in mita 250, ana biyan haya duk shekara. A Birmingham kaɗai irin waɗannan filaye sun haura ɗari. Suna ake rubutawa a jira layi, wani wurin sai an shekara da shekaru. Abin da ka noma na bakinka ne da iyalinka, ba na kasuwa ba, in kuma ka bari ciyawa ta cinye wurin, takarda za ta zo, in ba ka gyara ba a ba na bayanka. Ni rabi na samu, duka-duka ba ta fi masussukar gidanmu ba.

Yakuwa na fara shukawa, don in sha zoɓon hannuna. Ganye kam ya yi, har an yi mana miya. Sai dai yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, nan kuwa a watan Yuni har bayan tara na dare da sauran rana. Kafin yini ya ragu ta saka 'ya'ya, sanyi ya sauko. Dare ɗaya raɓa ta daskare a kanta, da safe ganyen ya yi baƙi ya langaɓe. Citta tana tukunya a bakin taga cikin ɗaki, tana rayuwar maneji. Na'ana'a ce ta samu ƙasa, in ba a bokiti ka dasa ta ba sai ta mamaye har gonar maƙwabci.

Maƙwabcin nawa wani dattijo ne, tsohon direban bas, ya haura tamanin. A wurinsa na fara ganin itacen shayi da idona, duk da shekarun da muka yi muna shan Lipton a teburin mai shayin bakin tasha. Ɗan itace ne mai ganye kore shar, mai sheƙi. Ƙasa mai tsami yake so, kuma ruwan sama dattijon ke tara masa a duro. Da hunturu yakan ja tukwanen cikin rumfar leda. Ya ce sai an yi shekara uku ko fiye kafin a fara tsinka, kuma toho ake ɗauka da ganye biyu na ƙarƙashinsa, shi ke nan. Na tsaya na ga yadda yake yi. Yana baza ganyen a faranti ya kwana ya yi laushi, sai ya murza a tafin hannu har ruwansa ya fito, ya bar shi ya sha iska har ya koma ja-ja, ƙamshi ya tashi, sannan ya busar da shi a wuta kaɗan-kaɗan. Ɗanyen ganye kilo huɗu zuwa biyar ke ba da kilo ɗaya busasshe, don haka wahalarsa ta shekara ɗan gwangwani ɗaya take cikawa. Wai kuma ba shi kaɗai ba ne. A Cornwall, can kudu maso yamma inda iskar teku ke sassauta sanyi, wata tsohuwar gona mai suna Tregothnan ta dasa shayi a 1999, ta fara sayarwa a 2005, da tsada kuwa.

Gahawa ita ko kusa, sanyi ɗaya ya ishe ta. Maimakonta saiwa mutanen nan suke tonowa, ta cikori da ta wata ciyawa mai fure rawaya da ke fitowa ko'ina a bakin hanya. A wanke, a yayyanka, a shanya, a gasa har ta yi duhu, a niƙa. Ɗacin ya yi kusa da na gahawa, amma ba ta hana barci. Babu ce ta koya musu. Da Napoleon ya rufe wa jiragen Ingila tashoshin Turai a 1806, gahawa ta yi wuya, sai Faransawa suka rungumi cikori. Su ma Ingilishi daga 1940 har 1952 awon shayi gwamnati ke yi musu. Dattijon ya ce yana yaro mahaifiyarsa kan shanya ganyen da aka dafa ta sake dafawa.

Haƙuri dai suna da shi, wannan na ba su. Mutumin nan yana da littafi, ranar da sanyi ya fara sauka da ranar da ya ɗauke duk yana rubutawa, shekara bi shekara. Ɓawon dankali ba ya zubarwa, taki yake mayar da shi. A ƙofar filin akwai tebur da ake ajiye rarar amfani, mai so ya ɗauka. To, suna da lokaci ne, kuma ba yunwa ke korarsu ba.

Amma Yaya, ga abin da ya sa na ɗauko biro. Ranar da ganyen nan ya bushe, dattijon ya shiga 'yar bukkarsa ta katako, ya ɗora buta, ya dafa kofi ɗaya. Ɗaya tak. Ya fito ya zauna a kujera yana kurɓa, ina tsaye da fartanya taku kaɗan daga inda yake, mun gaisa, mun yi hirar ruwan sama, bai ce mini bismillah ba. Ba rowa ba ce, don mutumin nan ya taɓa cika mini jaka da albasa. Haka kawai suke. A jirgin ƙasa mutum zai buɗe abinci a gabanka ya cinye ya lashe hannu bai dube ka ba. A gida ɗaya, miji ya tafasa ruwa ya jefa ganyensa a kofinsa, mata ta zo ta tafasa nata. Kowa da kofinsa, har da suna a jiki. Mutanen da ba su da abin sha na ƙasa da ya wuce shayi, ba su san abin da ake yi da shayi ba.

A gidan tsofaffin da nake aiki ni nake tura amalanken shayi da la'asar. Ɗaki-ɗaki nake bi. Kowace tsohuwa tana zaune ita kaɗai, talabijin na magana, hotunan jikoki jere a bango, jikokin kuwa sai Kirsimeti. Akwai wadda takan riƙe hannuna bayan na miƙa mata kofin, ba don komai ba sai don in ƙara minti ɗaya. Ɗanta in zai zo sai ya bugo waya ya sa rana. Ka ji fa, ɗa ya sa wa uwarsa rana! Uwar da ta ɗauki cikinsa wata tara. Wallahi ranar da na fara ganin haka, da na koma gida kasa cin tuwo na yi. Abin ya kai a 2018 gwamnatin Theresa May ta naɗa minista musamman don matsalar kaɗaici. Ƙasar da ta taɓa mallakar kusan rubu'in duniya, ta aiko Lugga ya ci Kano a 1903, yau ga ta tana neman wanda zai zauna da tsofaffinta. Wanda bai ji tsoron Allah a kan iyaye ba, me zai ji tsoro? Dukiyar da ba ta tara mutane ba, ina amfaninta? Ka faɗa wa samarin unguwa masu mafarkin biza, su san abin da ke bayan hotunan.

Sai dai kuma, don kada in ci amanar gaskiya. Wata Asabar na zo da fulas ɗin shayinmu, citta da kanumfari da na'ana'ata, na zuba wa dattijon maƙwabcin nawa ban tambaye shi ba. Ya sha ya yi tari, ya ce yaji zai kashe shi, ya kuma miƙo kofi. Mako na zagayowa sai ga shi da ɗan gwangwanin nan nasa, ya dafa mana tare. Na tambaye shi me ya hana shi tun farko. Ya ce ba ya so ya takura mini ne, kada in karɓa don kunya alhali ba na so. A wurinsu barin mutum ya sake shi ne girmama shi. Na juya maganar nan na rasa inda zan ajiye ta. Mu fa majalisarmu ba zumunci kaɗai ake sha a cikinta ba, akwai naman mutane. Kuma tsohuwar da ke ɗakin nan, ko ba komai, ba ta rasa magani ba, ba ta kwana da yunwa ba. Inna tana tsakiyar jikoki, amma maganinta sai na turo. Wa ya fi wani? Ni dai na san inda nake so in tsufa.

Abin da ya fi damuna yana cikin gidana. Babban ɗana yanzu in ya dawo makaranta sai ya haɗa kofinsa ya haye sama ya rufe ƙofa. Na yi faɗa, uwarsa ta yi faɗa, ya dube mu da mamaki don bai san laifin da ya yi ba. Shi ya sa na kafa doka, bayan isha'i buta ɗaya ake dafawa a gidan nan, kowa ya sauko, ko yana sha ko ba ya sha.

Ku ma ba zan bar ku ba. A shagunan nan zoɓo ne ake zubawa a kwali mai ado ana sayarwa da sunan shayin lafiya, kuɗin ɗan kwalin zai sayi kwanuka a kasuwar Rano. Daga Jigawa ana loda shi zuwa Meziko. Zogalen da ke katangar kowa, haka. Rai-ɗoren da muke sarewa a bayan gari, a wasu ƙasashe 'ya'yansa ake gasawa a sha a madadin gahawa, ko da yake ɗanyensa guba ne, kada yara su gwada. Shayi na gaske ma muna da shi a Kakara, kan tsaunin Mambila. Ga rana, ga ruwan Tiga a kusa, amma in baƙo ya zo sai a aiki yaro kanti, don kada a ce mun ba shi ganye. Wani yana shekara uku yana lallashin itace a tukunya, mu abin yana fitowa da kansa muna raina shi.

Don haka ga roƙona. Ka ware kunya biyu a gefen rijiya a dasa na'ana'a. Zoɓon bana kuma a shanya shi a kan tabarma, a inuwa, kada ya taɓa ƙasa, mu ga ko za a samu mai saye da daraja. Kuɗin zan haɗa da na maganin Inna a ƙarshen wata.

Maganar zuwa kuwa, ina so in kawo yaran su ga hawan sallah, su san sarkinmu Autan Bawo ba a waya kawai yake ba. Ban yi alkawari ba, hutu da kuɗin jirgi ba a hannuna suke ba. Ka durƙusa ka gaida mini Inna, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. A gaida Kawu da mutanen Kibiya, da Gwaggo ta Tarai, da liman, da 'yan majalisa baki ɗaya, har da waɗanda suka taya ka dariya.

Wassalam.

Ƙaninka.