Sanyi Lokacinsa Ne, Amma Ina Itacen?

A ƙasar Hausa idan hunturu ya kankama, gaisuwa ma canzawa take yi. Ka ce wa mutum, "Yaya sanyi?" ya amsa maka da cewa, "Lokacinsa ne." Amsa ce ta mutanen da suka saba da abinsu, ba sa ganin ɗari a matsayin baƙo, balle abokin gaba, domin kuwa manomin alkama roƙonsa yake yi, mai lambun mangwaro ma haka. To amma mu da muka tashi tsakanin Birnin Kudu da Gwaram mun san cewa wannan amsa tana da madogara. Wanda yake faɗin "lokacinsa ne" a wancan zamani, ya baro gungume yana ci a zaure, ga tukunyar ruwa bisa murhu, ga kaskon garwashi a ɗakin tsohuwa. Yau har yanzu amsar muke bayarwa, sai dai da yawanmu mun baro murhu a mace.

Sanyinmu ba mai tsawo ba ne. Daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu yake cin kasuwarsa, hazo ya lulluɓe duwatsun Birnin Kudu har mutum ya kasa hango Dutsen Habude, iska ta riƙa kaɗawa tun daga tsakar dare, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage. Mutanen da ke zaune kusa da fadamu da bakin kogi a ƙasar Gwaram kuwa nasu ya fi na kowa, don asubarsu sai ka rantse ƙanƙara aka jiƙa a randa. Gajere ne, amma ɗakunanmu ba don shi aka gina su ba, musamman ma da muka bar soro da jinka muka koma bulo da kwano. Soron ƙasa yana riƙe ɗumin rana ya sake shi da dare. Kwano kuwa ba ya riƙe amana: da rana ya gasa ka, da dare ya miƙa ka ga sanyi.

Lokacin da muke yara, wajen shekarun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ba mu san wutar jin ɗumi tana da kuɗi ba. Bayan an gama girbi karan dawa da na gero zube suke a gonaki, yaro ya je ya ɗauro daminsa ba mai ce masa don me. Ga totuwar masara, ga busasshen kashin shanu a makiyaya, ga sabara da kalgo a bayan gari. Da asuba kowace ƙofar gida da 'yar wutarta, yara sun kewaye ta, gaba ya yi zafi baya yana rawar ɗari, sai a juya kamar masu gasa tsire. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne wannan wuta ba ta da mai ita. Duk wanda ya zo wucewa, baƙo ne ko ɗan gari, mai tallan koko ko Bafulatanin da ya kwana a hanya, sai ya tsuguna ya miƙa tafin hannunsa, ba a tambayarsa daga ina. Almajirai kuma suna da kiskadinsu, kowa ya kawo itacensa da yamma, wuta guda ta ba su hasken allo ta kuma ba su ɗumi.

Ba za mu ce ba mu taɓa ganin wahalar makamashi a da ba. Mun ga layin kananzir na zamanin Janar Sani Abacha, har aka ƙago murhun nan na garin katako aka laƙaba masa sunansa. Amma waccan wahala ta 'yan birni ce da ma'aikata masu risho. Mutumin ƙauye yana jin labarinta ne a rediyo, yana zaune gaban wutarsa.

Ta yanzu kuwa ba ta bar kowa ba, kuma a hankali ta zo. A watan Janairun 2016 aka janye tallafin kananzir, wanda a da farashinsa na gwamnati Naira 50 ne lita, ya yi ta hawa har zuwa 2023 lita ta haura Naira 1,000. Risho ya koma ƙarƙashin gado. Masu ɗan hali suka sayi tukunyar gas, ita ma ba a jima ba kilo ya fi ƙarfin albashi. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wani zai ce, to mene ne haɗin fetur da itace, tun da ba a matatar mai ake sare shi ba? Mu ma mun yi wa wani dattijo mai faskare a unguwarmu wannan tambaya, ranar da muka ga ƙullin da muka saba saye ya rame. Sai ya ajiye gatarinsa ya ce, "Malam, ai ka fi ni sani. Da jaki ake kawo mini shi daga bayan gari. Yanzu bayan garin ina itacen yake? Sai an yi nisa, mota ce ke ɗaukowa, motar nan ba ruwa take sha ba. Injin da ake yanka shi ma mai yake sha." Ya yi gaskiya, amma akwai ragowar zancen da bai faɗa ba. Duk gidan da ya ajiye risho ko tukunyar gas a Kano da Dutse, kurfoti ya koma, kurfoti kuwa gawayi yake ci. Wanda ya tsaya bakin titi a Birnin Kudu zai ga motoci shaƙe da buhunan gawayi sun fito daga wajen dazuzzukan Bauchi sun nufi birni, suna wuce mu kamar ba mu san sanyi ba. Buhu guda na gawayi kuwa sai ya ci itacen da ya ninka nauyinsa sau da dama kafin ya samu. Wato ɗan birni da kuɗinsa ya shigo kasuwar ɗan ƙauye, ya taya abin da a da ba a sayarwa. Karan da muke kwasa kyauta yanzu mai gona tattare abinsa yake yi ya kafa, ko ya sayar wa masu dabbobi. Kashin shanu ma ya yi daraja tun da takin zamani ya yi tsada. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, in ji masu iya magana, mu kuwa marke da ƙirya muka ƙona.

Yadda ake rage wuta a gida ba da shela ake yi ba, kuma ba rana guda ba. Maigida ba ya tara iyali ya ce daga yau an daina jin ɗumi. Abin da ke faruwa shi ne kuɗin cefane yana nan yadda yake, itacen da yake saye ya ragu, sai uwargida ta shiga lissafi ita kaɗai a bakin murhu. Tuwo ba ya yiwuwa sai da wuta, saboda haka shi ba a taɓa shi. Abin da aka fara sokewa shi ne wutar ƙofar gida, don ita ba ta dafa komai. Daga nan sai ruwan wankan samari, aka ce ai jininsu da zafi, su bari rana ta ɗaga. Sai na yara ya koma kwana biyu sau ɗaya, ko a goge musu fuska da ƙafa a shafa mai a tura su makaranta. Na ƙarshe da hannu yake rawa kafin ya taɓa shi ne kaskon tsohuwa. Ita kuwa tsohuwa, da yake ta ga jiya ta ga yau, ita ce za ta riga kowa cewa, "Ku bar shi, 'yar nan, ni ba na jin sanyin bana." Alhali cikin dare ana jin tarinta har zaure.

Mu malaman makaranta a aji muke karanta wannan lissafi. Darasin farko a watan Janairu rabin kujeru wayam suke, waɗanda suka zo kuma hannuwansu na cikin hammata. Ka ce a fito da littafi a yi rubutu, yaro ya riƙe biro kamar an ba shi muciya, yatsu sun sandare. Da ganin fatar yaro za ka san gidan da aka ɗora ruwa da gidan da ba a ɗora ba, ba sai ka tambaya ba, kuma bai kamata ka tambaya ba. Akwai abokan aikinmu da har yanzu suke tsayawa bakin ƙofa da bulala suna jiran 'yan makara. Mu dai ra'ayinmu shi ne wanda ya tako daga ƙauye cikin wannan iska da rigar makaranta fal ɗaya, bai sha ko ruwan ɗumi ba, ya riga ya karɓi horonsa a hanya.

A shekarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya sa gas ya yi tsada a Turai, mun ji a rediyo cewa gwamnatin Jamus ta hana a ɗumama ofisoshinta fiye da maki 19 a ma'aunin zafi, a Ingila kuma aka riƙa buɗe ɗakunan karatu da majami'u domin wanda ya kasa ɗumama gidansa ya je ya zauna ya ji ɗumi. A ɗakin malamai dariya muka yi, wani ya ce ashe Bature ma ya gano wutar ƙofar gida. Sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, wannan ba musu. Bambancin shi ne su an zauna a majalisa an yi muhawara a kan sanyinsu, an ware masa kuɗi. Namu kuwa ba a lissafa shi cikin matsaloli, tun da kowa ya san ƙasarmu ƙasar zafi ce.

Ba duk abin da tsada ta rage ne abin kuka ba. Wankan jego, alal misali. A da mai jego sai ta yi kwana 40 tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, a wasu wuraren har da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, ga kunun kanwa. Miji kuwa tun ciki yana wata bakwai yake tara itace, kuma da tsayin tarin ake auna kularsa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta wannan gashi da yawan kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Abin da likita ya yi shekaru yana faɗa ba a ji ba, mai faskare ya faɗa sau ɗaya an ji. Yanzu sai ka ji goggo da kanta tana cewa, "Sau ɗaya ma ya isa, ai zamani ya canza." Ba mu ji wanda ya yi kewar waccan ƙuna ba.

Abin tsoron yana wani wajen. Mai ɗan gawayi kaɗan so yake ɗumin ya daɗe, sai ya shigar da kurfoti ɗaki ya rufe ƙofa da taga, ya toshe kafofi da tsumma. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum, wani daga barcin sai dai a ɗauko shi. Wutar kara ta da, da hayaƙinta mai sa hawaye, a fili ake hura ta. Ga kuma leda da ta maye gurbin kananzir wajen tayar da gawayi, ga samari 'yan acaɓa da ke ƙona tsohuwar taya a bakin tasha da asuba suna shaƙar baƙin hayaƙi. Ita ce kusan wutar jama'a da ta rage, wadda kowa zai iya tsugunawa a gabanta, kuma ba mai zuciyar da zai ce su kashe.

A yawancin gidajenmu na ma'aikata yanzu filas ne ya gaji murhun asuba. Idan an sauke tuwon dare, kafin rushin ya mutu, sai a ɗora ruwa a kai, ya tafasa a ɗura a toshe. Da kiran sallar farko ake buɗe shi, kuma rabonsa yana da tsari wanda ba wanda ya rubuta. Butar Inna ce farko, a sirka mata ta yi alwala. Sai a ɗiba na dama kokon yara. In akwai jariri a ajiye nasa. Abin da ya rage a gindin filas, in ya rage, shi ne na maigida, uwargida kuwa da ta tafasa shi sau da yawa da ruwan randa take yin tata alwalar, tana cewa ita ta saba. Can a waje kuma almajirin da ya saba samun wuta a ƙofar gidan yana tsugune a jikin bango ta gabas, ya ja riga ya rufe gwiwoyinsa, yana jiran rana ta fito.