Shirwa, Shamuwa da Kyamarar da Ba Ta Ɗaga Kai

Mai karatu, a wannan watan furodusoshi su sha ruwa su huta, ba fim ɗin kowa zan feɗe ba. Maganar tsuntsaye nake so mu yi, domin na daɗe ina kallonsu daga saman soron gidanmu a Kano, kuma sun fi kalandar ɗakina iya faɗin lokaci.

Da yawanmu ba ma bambance shirwa da shaho, duk wanda ya sure ɗan tsako sunansa ɗaya. Alhali ko a sama halinsu daban ne. Shirwa ga ta da wutsiya mai gibi a tsakiya, da ita take juya jikinta. Idan hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗau zafi, sai ta hau iskar da ke tashi ta yi ta jewa, da ƙyar za ka ga ta kaɗa fiffike. Shaho kuwa lafewa yake a reshe, shiru, kafin kaza ta gama kururuwa ya wuce. In da a fim ne, shirwa doguwar ɗauka ce wadda darakta ya ƙi tsayarwa, shaho kuma yankan edita ne.

Da rani, duk inda aka cinna wa daji wuta za ka ga shirwa ta yi dafifi a cikin hayaƙi tana cafke farar da ke gudun tsira. Ruwan farko na sauka kuma ta koma kan shinge. Amma mai kawo labarin damina ita ce shamuwa. Wajen watan Afrilu zuwa Mayu take isowa, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar ƙauye, ba mai jifanta. Manomi na ganinta zai fara duba irinsa. Da kaka ta yi, lokacin da yara ke buga gwangwani suna korar jan-baki daga gero, sai ta kama hanya ta tsallaka har kudancin Afirka, inda tasu daminar ke farawa.

Da hunturu, in kana da kuɗin mota, ka je fadamun Haɗeja da Nguru. Agwagin ruwa ne daga Turai, sun gudo wa sanyi sun ƙetaro Sahara. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har Dagona a kan tsuntsayen nan, kuma a 2000 aka sa tafkin Nguru cikin dausayoyin da duniya ke kulawa da su. Sai dai tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, ga kacala ta toshe hanyoyin ruwa.

To, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ungulu. Iyayenmu suna ba da labarin yadda take cika mayanka da bayan kasuwa, ana korarta tana dawowa. Kai mai karatu, tsakani da Allah, yaushe rabonka da ita? Muna cewa ungulu ba ta jewar banza, ga shi ƙannenmu sun haddace karin maganar ba su taɓa ganin jewar ba. A 2015 masana suka sa irin ungulun da ke zama kusa da mutane cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Guba na kashe ta, masu neman kai da ƙafafunta don haɗa magani kuma sun mai da ita haja. Tsuntsuwar da ke share mana mushe kyauta ke nan.

Nan ne nake jin haushin sana'ar da nake wa sharhi. Tun daga Turmin Danya a 1990 muke ɗaukar fim a garin nan, a daidai shekarun da ungulu ke ɓacewa. Na kalli tsofaffin kaset-kaset ba adadi, kyamara na kan fuska, kan gwaggwaro, kan mota, kan kujerun falo. Da wuya ta ɗaga kai. Marubutanmu ma haka, shafi uku a kan leshin amarya, ba layi ɗaya a kan abin da ke kuka a bishiyar ƙofar gidan. Ko Abubakar Imam ai aku ya ɗauka ya naɗa waziri a Magana Jari Ce.

Sau nawa ka ga an rubuta "bayan wata shida" a allo, amma ganyen bishiya bai sauya ba, hasken rana yana nan yadda yake? Da darakta zai nuna shamuwa a kan tsamiya na daƙiƙa goma, ko tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta san damina ta ƙarato. Shamuwa ba ta karɓar kuɗin aiki, ba ta kashe waya ranar ɗauka. Sharaɗinta ɗaya ne, mai kyamara ya fito bayan sallar asuba, don rana na ɗagawa ta tafi gonaki kiwo.