Katakon Wawa, Ɗakin Sauna

1/ Jama'a, katakon da kafintocinmu suka fi rainawa, shi Turawa ke saye da tsada suna yin bencin ɗakin gumi da shi. Ni ɗan kafinta ne, a shagon mahaifina a Tudun Wadan Zariya na tashi. Ku ja kujera, zaren yau na katako ne.

2/ Kafin ku fara dariya: e, na san ma'anar sauna a Hausa. Amma a ƙasar Finlan, sauna ɗaki ne na katako da ake zafafawa har digiri 80 zuwa 100, a yayyafa ruwa kan duwatsu masu zafi, tururi ya tashi, mutum ya zauna ya yi gumi sharkaf. Surace ke nan, amma mai ɗakin kansa.

3/ Mutanen Finlan ba su kai miliyan 6 ba, amma sauna ɗinsu ta kai wajen miliyan 3. A Disambar 2020 UNESCO ta sa al'adar cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam. Da can a sauna matansu ke haihuwa, don nan ne ɗakin da ya fi ko'ina tsabta a gida.

4/ Mu ma ba baƙin zafi ba ne. Wa bai taɓa shiga bargo da tukunyar ganyen darbejiya da na mangwaro ba? Ga wankan jego, ga gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashi. Bambancin kawai, su sun gina wa abin ɗaki, kuma duk dabarar ɗakin tana cikin katakon.

5/ Bara da hunturu wani Alhaji ya zo shago da hoto a waya. Ya shiga sauna a wani otal a ƙasar waje, yana so a yi masa irinta a gida. Sharaɗinsa ɗaya: maɗaci ko iroko zalla, a shafa mai ya yi ƙyalli. Ya ce, "Malam, ni ba na son abin arha."

6/ A lokacin kuɗin hayar shago ya zo, ga kuɗin makarantar ƙannena biyu. Aikin nan kaɗai zai share mana hawaye. Kuma da maɗaci ribar ta fi kauri. Amma Baba ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, in na yi maka benci da maɗaci, ba za ka iya zama a kai ba. Obece za a sa."

7/ Obece fa! Farin katakon nan mara nauyi da ake silin da akwatin kaya da shi, wanda farce ma yana iya yi masa tabo. Fuskar Alhaji ta canja. A zatonsa so ake a karɓi kuɗin nama a ba shi ƙashi.

8/ Ga dalilin. Katako mai nauyi a cushe yake, yana tara zafi da yawa, kana taɓa shi ya juye maka a fata. Obece kuwa cikinsa iska ce ta fi yawa. Busasshensa mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi bai cika kai kilo 400 ba, iroko kuwa ya haura 600. Ko ɗakin ya kai digiri 90, cinya za ta iya jure obece.

9/ Na biyu, ba ya fitar da ƙaro. Akwai itatuwan da in sun ji zafi sai ƙaro ya narke ya tsatso, ya manne wa mutum a jiki kamar narkakken kyandir. Na uku, ba shi da ƙulli sosai, kuma in an goge shi ba ya tsira sartse.

10/ A Turai abachi suke ce masa. Yarabawa na cewa arere, a Kamaru ayous, a Kodebuwa samba. A Gana kuwa, wallahi ba ƙirƙira na yi ba, sunansa wawa. Wato da katakon wawa ake gina sauna. Bahaushe ya ji wannan ai sai ya ce an haɗu.

11/ Baba bai yi doguwar gardama ba. Ya sa na ɗora guntun maɗaci da na obece a kan kwanon rumfa, rana ta dake su har bayan azahar, ya ce wa Alhaji ya ɗora cikin damtsensa a kan kowanne. Alhaji ya taɓa, bai ce uffan ba, ya shiga mota. Sati biyu shiru. Gidanmu ma shiru.

12/ Da ya dawo, sai aka yi sulhu irin na manya. Benci da bango da majingina duk obece. Ƙofa ta waje kuwa maɗaci mai ƙyalli, don baƙi su gani su san an kashe kuɗi. Ribar ta ragu, amma an biya haya.

13/ Kada ku ɗauka obece waliyyi ne. Gara na sonsa kamar me, danshi na sa shi baƙi-baƙi ya ruɓe. Dole a busar da shi sosai, a ɗaga ƙafar benci daga ƙasa, a bar kafar iska sama da ƙasa. Ƙurarsa kuma tana tayar wa wasu kafintoci asma, don haka a rufe hanci in ana goga.

14/ Abin da ba a kai shi ciki ko kyauta aka ba ka: filawud da katakon da aka matse da gam, saboda zafi na tayar da sinadarin gam ɗin ka shaƙa. Haka katakon da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, da fenti. Ƙusa ma a boye kanta ko a buga ta daga ƙasa, in ba haka ba ta yi maka sakiya.

15/ Wannan ilimin ba sabo ba ne a Zazzau. Babban Gwani Mika'ilu, da ya gina Masallacin Juma'a na birni a shekarun 1830, da azarar giginya ya ɗaure bakan gizonsa, domin gara ba ta cika cin giginya ba. Kowane ice da aikinsa: ƙirya ga turmi da gawayi, giginya ga rufi.

16/ Sai maganar da ta fi katako. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU sun yi rubutu kan yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta shi da wankan ruwan zafi, kwanciya kan gado mai wuta da kunun kanwa. Zafi na sa zuciya aiki ninki.

17/ Don haka mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciki da mai jego, a tambayi likita tukuna. Mai lafiya ma minti 10 zuwa 15 ya isa, a sha ruwa, kuma ƙofa ta riƙa buɗewa waje ba tare da sakata ba. Gawayi a rufaffen ɗaki kuwa kisa yake yi, ba wasa.

18/ In za ku je wajen 'yan katako a Sabon Gari, kada tambayarku ta farko ta zama wanne ya fi tsada. Ku fara da faɗin aikin da za ku yi, sannan ku ɗaga katakon ku ji nauyinsa. Kafintoci da ke nan, wane katako kuka gwada a wurin zafi ya ba ku kunya? Ku ajiye mana a ƙasa.