Rumbun Bayanai Na Kyauta: Abin Da Aikin Rajistarmu Ya Koya Mini

Tun da aka ɗora mini aikin mayar da rajistar ƙungiyarmu daga littafi zuwa intanet, tambayar da dattawa suka fi yi mini ita ce nawa za a kashe. Duk sanda na ce rumbun da zai riƙe sunaye da kuɗin wata-wata ba sai mun biya ko kobo ba, sai in ga alamar shakka a fuskokinsu. Shakkar tasu tana kan hanya, domin kyautar ɗan kasuwa ba ta rasa sharaɗi.

Shafi irin namu hawa biyu ne. Akwai sabar manhaja, wadda ke karɓar buƙatar mamba idan ya buɗe shafin a wayarsa, kamar Tomcat ko IIS. A bayanta kuma akwai rumbun bayanai, inda ake ajiye wanda ya biya da wanda ake bi, da gudummawar da aka tara in an yi rasuwa ko gobara. Manyan kamfanonin da ke sayar da irin wannan rumbu suna da na kyauta: Microsoft ta fitar da SQL Server Express a 2005, Oracle tana da XE, IBM ma ta fitar da DB2 Express-C a 2006. Sun yi haka ne don ka saba da kayansu, in aikinka ya girma ka dawo ka saya.

Sharaɗin yana cikin iyakar da suka sa. SQL Server Express na 2019 da na 2022 ba ya barin rumbu ɗaya ya wuce gigabait 10. Oracle XE 18c ya tsaya a gigabait 12, kuma ba ya amfani da ƙwaƙwalwar kwamfuta fiye da gigabait 2. Da na zauna na yi lissafi, na ga sunaye da lambobin waya da rasit na mutum dubu ba za su kusanci wannan iyaka ba ko a shekara goma. Abin da ke cika rumbu da wuri shi ne hotuna da takardun da aka ɗauka da waya. Shi ya sa na ajiye su a wani babban fayil daban, rumbun ya riƙe adireshinsu kawai.

Mun zaɓi SQL Server Express ne saboda matasanmu biyu da za su iya karɓar aikin bayana shi suka koya a makaranta. Haɗa shi da Tomcat ya buƙaci kula a wuri biyu. Express yana zuwa da ƙofar TCP/IP a rufe, sai ka buɗe ta da kanka, in ba haka ba sabar ba za ta same shi ba. Sannan na taƙaita yawan layukan da sabar ke buɗewa zuwa rumbun a lokaci guda, domin ranar taro, in kowa ya shiga duba bashinsa, ƙaramar ƙwaƙwalwar da aka yarje masa ba za ta ɗauki cunkoso ba.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne kwafin ajiya. Express ba ya zuwa da SQL Server Agent, wato hadimin da ke yin kwafi da kansa a kan lokaci. Dole na tsara wa Windows ta riƙa yi kowane dare, kuma duk Juma'a ma'aji yana tafiya gida da kwafi ɗaya. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In lissafin gudummawar marayu ya ɓace, zumuncin shekaru ne zai taɓu.

Ina jan hankalin sauran ƙungiyoyi a kan abu biyu. Akwai wani bugu mai suna Developer, shi ma kyauta ne kuma ba shi da waccan iyaka, amma lasisinsa na gwaji da koyo ne kawai, bai halatta a ɗora aikin gaske a kansa ba. Haka kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan masu riƙe da bayanan mutane, don haka kada a bar rumbun a buɗe ga intanet. Sabar manhaja kaɗai ya kamata ta iya magana da shi.

Ga wanda zai fara daga tushe kuma ba shi da wanda ya saba da kayan Microsoft ko Oracle, PostgreSQL da MariaDB kyauta ne ba tare da an ƙayyade musu girma ba, kuma suna aiki da Tomcat lafiya lau. Mu dai namu yana biya mana buƙata, kuma na rubuta duk matakan a takarda na miƙa wa sakatare, saboda aikin jama'a bai kamata ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.