Ruwanda: Inda Shugaban Ƙasa Ke Titsiye Ciyaman a Gaban Manoma

Wani ɗan bidiyo ne ya sauya mini tsarin tafiya a Ruwanda. Taro ya kai ni Kigali, na sauka a unguwar Nyamirambo domin nan Musulmi suka fi yawa, ba wahalar masallaci ko naman yanka. Da daddare a Biryogo, inda aka hana motoci bin titi aka shafe shi da fenti kala-kala masu shayi suka baje kujeru, wani dattijo tela da muka saba a masallaci ya miƙo mini wayarsa. Shugaba Paul Kagame ne zaune cikin rumfa, fili ya cika maƙil, wani manomi riƙe da makirufo yana kai kuka kan gonarsa da hanya ta cinye ba a biya shi diyya ba. Aka ta da shugaban gunduma, wato kamar ciyaman a wajenmu, ya yi bayani. Ya soma kame-kame, Kagame ya katse shi ya maimaita tambayar. Ba na jin Kinyarwanda, amma zufar da ke karyo wa bawan Allahn nan ba ta neman tafinta.

"Haka yake yi musu," in ji dattijon yana dariya. "Je ka kudu, ɗana, ka ga inda ake yin abin."

Rangadin ƙauyuka ya daɗe da zama tambarin Kagame, wanda ke mulki tun shekarar 2000. A watan Agustan 2022 ya zaga Ruhango da Nyamagabe da Nyamasheke, kuma a Nyamagabe ya shiga gidan wata tsohuwa mai shekara 110, ya zauna kusa da ita suna hira riƙe da hannun juna. Hoton ya zaga ƙasar baki ɗaya. Can na nufa.

Motar da na shiga a tashar Nyabugogo ta tashi a kan lokacin da aka rubuta a tikiti, da sauran kujeru babu kowa. Ba ɗan kamasho, ba "saura mutum ɗaya". Hanya kuwa hawa da gangara ce kawai, ayaba da wake an shuke kowane tudu har ƙololuwa, sai ga mu a Huye.

Masaukin da na samu a Huye ba zan yi wa maƙiyina fatansa ba. Garin yana kan tudu, sanyin dare yana ratsa ƙashi, bargon kuma da za a ɗaga shi a gaban fitila sai a karanta jarida ta cikinsa. Famfon ruwan zafi na nan da jan tambarinsa, ruwan ƙanƙara yake zubarwa. Ƙarƙashin ɗakina mashaya ce, kiɗa bai lafa ba sai wajen ƙarfe biyu. Na fita neman abin taɓawa, babu mai tsire, babu mai ƙosai, babu ko mai gyaɗa, domin a wurinsu ci a kan titi abin kunya ne, hukuma kuma ba ta ƙyale masu talla. Da rana an cika mini faranti da wake da dankali da dafaffiyar ayaba, lami, ba yaji ba daddawa. Abin da ya cece ni wani man barkono ne, Akabanga, da ake ɗigawa daga 'yar kwalba irin ta maganin ido. Ɗigo uku ya isa. Ƙasa tsaf-tsaf, tun 2008 aka haramta leda, amma wallahi ko masa ɗaya ta bakin tasha ta fi mini duk abincin nan.

Jikan dattijon tela, wani saurayi ɗan acaɓa, shi ya tarbe ni a Nyamagabe. Ya ba ni hular kwano ya tsaya sai da na ɗaure igiyar, sannan muka hau tudu zuwa ƙauyen wata gwaggonsa. Ranar ta dace da Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar Umuganda, aikin gayya na dole ga duk mai shekara 18 zuwa 65, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na safe. Wanda ya noƙe babu uzuri ana iya cin sa tarar faran 5,000. Na tarar da maza da mata suna yashe kwata suna cike ramukan hanya, malamin makaranta da fartanya kusa da mai aski. Shi ma Kagame yakan fito ranar, da takalmin roba, a ɗauke shi hoto yana dasa itace ko yana miƙa bulo. Mu ma muna da ranar tsaftar muhalli a ƙarshen wata tun zamanin Buhari da Idiagbon, sai dai yawancinmu mun mayar da ita ranar ramuwar barci har a buɗe hanya.

Bayan aiki aka zauna a ciyawa, mai unguwa ya buɗe littafi, aka bi batutuwa: wane bai biya kuɗin inshorar lafiya ba, ɗan wance ya daina zuwa makaranta. A nan na gane dalilin zufar ciyaman. Tun 2006 shugabannin gundumomin ƙasar ke sa hannu a gaban shugaban ƙasa kan alƙawarin aiki da ake kira imihigo: azuzuwa kaza, famfo kaza, gidaje kaza za su samu wuta. Ƙarshen shekara a ba su maki, a karanta na ɗaya har na kashin baya a bainar jama'a. Saboda haka idan Kagame ya sauka a ƙauye, ya zo da lissafinsa, talaka kuma ya san wanda zai nuna da yatsa.

Gwaggon, bazawara ce mai fara'a, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo kindirmo cikin ƙoƙon katako mai dogon wuya. Da ta ji ni Musulmi ne, da kanta ta ɗebo ruwan alwala ta ɗumama shi, ko da yake ita Katolika ce. Sai ta ja ni bayan ɗaki in ga saniyarta, baƙa da fari, a turke, ana yanko mata ciyawa. Ta same ta ne ta shirin Girinka, wanda aka fara a 2006 don ba kowane gidan talaka saniya guda, da sharaɗin 'yar maraƙar farko a miƙa wa maƙwabci. Ta riga ta miƙa tata. Da nonon take biyan kuɗin makarantar jikoki, kashin kuma ya tafi gona. Ba ta ce gwamnati ta ba ta ba, ba ta ce gunduma ba. Kagame ya ba ta.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Rufin kwano, Kagame. Hanya, Kagame. Ko ɗakin ciyawa ɗaya ban gani ba a duk tudun, domin wajen 2010 aka yi gangamin kawar da su, kuma an yi ta ƙorafi a lokacin cewa an rushe wa wasu bukkoki kafin a gina musu madadi. Na tambayi saurayin ko akwai abin da mutanen nan ba sa so game da mulkin. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya ce hadari ya taso, gara mu sauka kafin hanya ta yi santsi. Yaron da tun safe bakinsa bai huta ba. Abin da ya yarda ya faɗa a hanya shi ne, ranar da shugaba zai zo, tun kafin asuba ake tashin mutane a kama hanyar fili.

A zaɓen 2024 an ce Kagame ya samu fiye da kashi 99 cikin ɗari. Diane Rwigara ba a bar ta ta tsaya ba, Victoire Ingabire, wadda ta yi shekara takwas a kurkuku, kotu ta ƙi mayar mata da damar takara. Gyaran tsarin mulki na 2015 ya ba shi hanyar zama har 2034. Ko a Nyamirambo na lura ba na jin kiran asuba yadda na saba, domin tun 2018 hukuma ta fara hana lasifika a masallatan wasu sassan Kigali, ba kuma wanda ya ɗaga murya. A Kano da tuni gidajen rediyo sun ɗauki zafi, mai shayi ya zagi gwamna da sunansa ya kuma kwana a gidansa lafiya. Ina son kwatarsu da saniyarsu, ina son ganin ciyaman yana rawar murya gaban manomi, amma bakin nan namu ba zan ba da shi musaya ba.

Ruwan ya same mu kafin mu kai kwalta, muka fake a wani shagon sayar da madara har ya tsagaita. A hanyar komawa na tsaya Nyanza na ga shanun fadar tsoffin sarakuna, masu ƙaho kamar na Bororo, ana yi musu kirari suna taku. Daga nan tudu ne bayan tudu, na yi barci har Kigali.