Lamba Da Waya

Jama'a, ran nan muna zaune a zaure bayan la'asar sai gardama ta tashi. Waɗansu suka ce hikimomin zamanin nan sun kashe zumunci, sun mai da mutum kamar inji. Waɗansu kuwa suka ce ba a taɓa jin daɗin duniya kamar yanzu ba. Ni dai na yi shiru, gama ina da shaidu biyu a gidanmu, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Shaida ta fari ita ce fuskar kakata. Tun da na buɗe ido na san ta da zanzana, idonta guda kuwa ba ya gani. Agana ce ta yi mata haka tana yarinya, ta kuma ɗauke ƙannenta biyu cikin rani guda. A zamanin nan nasu, kadan mugunyar agana ta kama mutum 10, wajen 3 ba su tashi. Wani likitan Ingila, Edwad Jena, shi ya gano lamba cikin 1796. Cikin 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar gamawa da cutar, masu lamba suka bi gari da ƙauye. Mutum na ƙarshe da ta kama haka kawai a cikin jama'a, a Somaliya ne cikin 1977, sa'an nan cikin 1980 aka yi shela ta ƙare a duniya. Yau 'ya'yana ko sunanta ba su sani ba. Duk wanda ya ce ilmin zamani bai amfane mu ba, lalle bai ga fuskar kakata ba.

Shaida ta biyu tana cikin aljihuna, watau waya. Tun 2001 da ta soma bazuwa a Nijeriya muka sami sauƙin gaisuwa. Ana nan sai kawuna ya kwanta ciwo a ƙauye, tafiyar sa'a 2 cikin mota. Maimakon in tafi, sai na riƙa kiransa kowace Juma'a, ina tsammani na sauke nauyi. Wata rana ya ce mini, "Ɗana, muryarka tana isowa, amma ƙafarka ta ɓata hanya." Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, in Allah Ya yarda bayan Salla ina tafe." Bai kai Salla ba. Ta cikin wayar nan kuwa aka gaya mini rasuwarsa.

Na daɗe ina ɗora wa waya laifi. Amma da na zauna na auna, sai na ga ba ita ta ɗaure mini ƙafa ba. Ga mota, ga hanya, alhali kakanninmu da jaki suka riƙa yin tafiyar nan har su kwana. Lamba ta yi aikin da ya gagari hannun mutum, shi ya sa ta zama rahama. Ni kuwa na ba waya aikin da ba mai yinsa sai mutum, watau zama kusa da majinyaci, da riƙa masa ƙoƙon ruwa, da kore masa ƙuda.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu karɓi hikimar zamani da hannu biyu, mu gode wa Allah da Ya sanar da ɗan Adam. Amma wanda ke da dattijo kwance, kada ya jira Salla. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, har yau kuwa ba ta ƙaura ba. Allah Ya ji ƙan Kawu, Ya gafarta mini, amin.