Wasiƙa zuwa ga Auta kan niyuton da jul da wat

Auta,

Saƙonka ya iso, ka ce ma'aunan Fizis suna ruɗa ka, ga shi WAEC ta matso. Kada ka haddace su ɗaiɗai, domin wannan ne ke haifar da wancan.

Mu ɗauki rijiyar gidanmu. A ce guga ya ɗebo ruwa kilo 10. Ƙasa tana janyo kowane kilo da ƙarfin kusan niyuton 9.8, ke nan hannunka yana fama da niyuton 98. Niyuton, wanda ya ci sunan Isaac Newton, ma'aunin turi ne ko ja. To amma in ka tsaya riƙe da igiya ba ka ja ba, ko da gumi ya jiƙa maka riga, a Fizis ba ka yi aiki ba. Nan ɗalibai da yawa ke zamewa. Sai abu ya gusa ake lissafa aiki. In zurfin rijiyar mita 10 ne, ka ninka shi da 98, ka sami aikin jul 980. Makamashi ma da jul ake auna shi, tunda shi ake kashewa a yi aikin. James Joule, wani Bature na yankin Manchesta a Ingila, shi ya nuna a shekarun 1840 cewa motsa ruwa kaɗai na ƙara masa zafi. Kusan jul 4.2 ke ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya.

Wat kuwa maganar lokaci ce: jul nawa a daƙiƙa ɗaya. In ka fito da gugan cikin daƙiƙa 20, wat 49 ke nan. Wanda ya yi daƙiƙa 40 aikinku ɗaya, amma wat ɗinsa rabin naka ne. James Watt na Sikotilan ya riƙa gwada injinansa da dawakai don masu saye su gane, shi ya sa har yau ake cewa injin ban ruwa mai ƙarfin doki kaza. Doki ɗaya kusan wat 746 ne.

Inda nake so ka fi lura shi ne mitar wuta. Yunit ɗin da muke saye kilowat-awa ne, kuma makamashi yake aunawa, ba saurin aiki ba, duk da akwai wat a sunansa. Hita mai wat 1,000 in ta yi awa ɗaya a kunne ta cinye yunit guda, wato jul 3,600,000, alhali ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100. Sai ka ja gugan nan fiye da sau 3,600 kafin ka yi aikin yunit ɗaya.

Don Allah ka duba wat ɗin da ke rubuce a jikin fanka da talabijin na gida, ka lissafa yunit nawa kowanne ke ci a awa biyar, ka turo mini in duba. Ka gaida su Inna da Baba. Allah ya ba da sa'a.

Naka,
Yayanka